Shagon ɗinkin Kawu a Tudun Wada: ɗaki ɗaya, zafi iri biyu

A goman ƙarshe na azumin 2024, wani yaro mai guga ya yanke jiki ya faɗi a shagon ɗinkin kawuna da ke Tudun Wada, nan cikin garin Kaduna. Tsakanin azahar da la'asar abin ya faru. Waɗanda ke wurin sun ce tun da hantsi yake kukan ciwon kai, ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi, can sai suka ji ƙarar dutsen guga a ƙasa. Allah ya kiyaye bai faɗa kan dutsen ba. Aka yayyafa masa ruwa, aka sa shi a Keke Napep zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa, aka yi masa ƙarin ruwa. Da dare ya koma masaukinsa da ƙafarsa.

Bayan asham Kawu ya kira ni a waya. Aikina duba gini ne, kuma duk abin da ya shafi bango ko rufi a danginmu ni ake nema.

"Injiniya, gobe ka zo ka duba mini inda za a kafa AC. Ba zan bari ɗan mutane ya mutu a hannuna ba."

Na ce, "To Kawu, ina nan tafe. Amma ka bari in wuni a shagon tukuna kafin ka sayi komai."

Daga wannan wunin har zuwa hunturun da ya biyo baya na yi ta komawa shagon. Abin da na gani shi nake son in rubuta, har da inda na yi kuskure, domin shaguna irin wannan sun cika Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Mu'azu, kuma mutanen da ke cikinsu sun ɗauki wahalar zafi tamkar wani ɓangare ne na sana'a.

Yadda shagon yake

Faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 6. Ginin bulo ne, rufin kwano, ba silin. Kwanon ya tsufa, ya yi tsatsa har ya koma ja. Ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe, tana kallon yamma, wato daga azahar rana na dukan gaban shagon har faɗuwarta. Akwai taga ɗaya a baya, amma an daɗe da toshe ta da kwali saboda ƙurar hunturu, aka kuma jingina kantar yadi a jikinta, har wasu daga cikin yaran ba su san da ita ba.

Mutum tara ke aiki a ciki lokacin ɗinkin Sallah. Kawu na kan teburin yanka a bakin ƙofa. Kusa da shi wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, mai aikin hannu a wuyan babbar riga. Mutum biyar na kan keken ɗinki, uku na lantarki, biyu na ƙafa, sai mutum ɗaya a kan keken aiki. Teburin guga na can ƙurya, inda rufin ya fi yin ƙasa, da dutsen guga biyu na lantarki da ɗaya na gawayi don lokacin da aka ɗauke wuta. Fanka biyu ce a sama, an rataye su a jikin katakon rufi, tazararsu da kwano ba ta kai kamu biyu ba.

Na tafi da ƙaramin ma'auni mai nuna zafi da laimar iska. Na kuma tafi da ƙwallon tebur da na shafa wa baƙin fenti, na huda ta na cusa kan wani ma'aunin zafi a ciki. Tsohuwar dabara ce. Ma'auni na yau da kullum zafin iska kawai yake gani, ita kuwa baƙar ƙwallo tana shan hucin da ke fitowa daga rufi da bango da dutsen guga, kamar yadda fatar mutum ke sha.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, iskar bakin ƙofa ta nuna digiri 37, ta wajen teburin guga 39. Laima kashi 18 cikin 100. Baƙar ƙwallo a wurin guga, daidai tsayin kan mutum, ta hau 45. Kawu ya dubi lambobin ya ce tsakanin wurinsa da na yaron ai digiri biyu ne kacal. Na nuna masa ƙwallon. Na ce ya je ya tsaya a wurin na minti biyar ba hula. Bai cika biyar ɗin ba ya dawo yana shafa tsakar kansa.

Abin da ke faruwa a jikin mutum

Jikin ɗan Adam murhu ne da ba ya mutuwa. Baligi yana zaune bai motsa ba, yana fitar da zafi kimanin wat 100, daidai da tsohon ƙwan lantarkin nan mai zafi da muka sani. Cikin jiki yana son ya tsaya a kusan digiri 37, don haka duk zafin da aka samar sai an fitar da shi waje. Fata kuwa tana tsakanin 33 da 35. Muddin iskar ɗaki ta fi fata sanyi, iska na ɗebe zafi. Muddin bango da rufi sun fi fata sanyi, jiki na aika musu da huci. To a shagon Kawu duk biyun sun juye. Iska ta fi fata zafi, kwano kuma ya fi ta nesa ba kusa ba, domin kwano mai duhu a tsakar rana kan wuce digiri 60. Maimakon su karɓi zafin yaron, ƙara masa suke yi. Ƙofa ɗaya ta rage masa: gumi.

Gumi kuwa ba ƙaramar baiwa ba ce. Lita ɗaya ta gumi, idan ta bushe a kan fata, tana tafiya da zafin da mutum a zaune zai tara cikin awa shida da wani abu. Amma sharaɗin shi ne ta bushe. Gumin da ya gangaro ya ɗiga a ƙasa, ko aka share da tsumma, ruwan jiki ne ya tafi a banza. A watan Maris iskar Kaduna busasshiya ce, gumi na bushewa tun kafin mutum ya gan shi. Shi ya sa yaran suka ce mini mai gugan bai yi wani gumi ba. Ya yi, iska ce take shanye shi nan take. Shaida tana nan a farin gishirin da ya kwanta a bayan rigarsa. Mai aiki a tsaye cikin irin wannan zafin yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya, ga shi da azumi na sama da awa 13. Jini ya ragu, jiki kuma ya turo mai yawa daga cikinsa zuwa fata don ya huce, mutum yana tsaye wuri ɗaya, sai wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya gaza. Daga nan sai jiri, sai duhu.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, P. O. Fanger, ya fitar da littafi a 1970 inda ya tsara abubuwa shida da ke haɗuwa su sa mutum ya ji daɗin ɗaki ko ya ƙi. Huɗu na ɗakin ne: zafin iska, hucin da ke fitowa daga abubuwan da ke kewaye, laima, da motsin iska. Biyu na mutumin ne: nauyin aikin da yake yi da tufafin da ke jikinsa. A kan aikinsa aka gina ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 7730. Wani abu da lissafinsa ya nuna, wanda nake yawan tunawa, shi ne ko an daidaita ɗaki iya daidaitawa, sai an sami kusan mutum 5 cikin 100 da ba su gamsu ba.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi bayyana mini dalilin da ya sa mutum tara suna ɗaki ɗaya, ɗaya ya faɗi. Mai ɗinki a zaune yana fitar da ɗan abin da ya haura na mai hutawa. Mai guga a tsaye, yana danna dutse yana ɗaga shadda, yana fitar da kusan ninki biyu. Shi ne kuma a ƙurya, ƙarƙashin kwano mafi kusa da kai, da wuta a gabansa. Rigarsa ta ƙwallo ce irin ta roba mai manne wa jiki. Sai kuma abin da ban sani ba sai da na tambaya: kwanansa biyar da zuwa daga Jos, wani abokin Kawu ne ya turo shi ya taimaka da aikin Sallah. Jos na kan tudu kimanin mita 1,200 daga matakin teku, Kaduna kusan rabin haka, kuma kowa ya san bambancin iskar garuruwan biyu. Jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi: ya koyi fara gumi da wuri, ya ƙara yawan ruwan jini, ya rage gishirin da ke fita. An ɗauki wanda jikinsa bai gama sabawa ba, an ba shi wuri mafi zafi, don kawai a al'adar shago guga aikin sabon zuwa ne. Ba mugunta ba ce, haka kowa ya tashi ya gani. Amma al'ada ce da ya kamata teloli su sake dubawa a bazara.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba yaron ba ne, Baba ne. Ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, yana sanye da riga da 'yar ciki da hula, kuma da na tambaye shi sai ya ce shi bai jin wani zafi. Tsufa na rage gumi, yana kuma rage jin ƙishi, har jiki ya shiga matsala mai shi bai ankara ba. Abin da ya cece shi zaman bakin ƙofa. Na roƙe shi ya je ya gaya wa likitansa irin wurin da yake wuni da azumi, ban ce ya taɓa maganinsa ba, don wannan ba hurumina ba ne.

A makon da abin ya faru ba Kaduna kaɗai ke ƙuna ba. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A wannan tsakanin ne kuma rana ke matsowa tsakar kanmu: a inda Kaduna take, kimanin digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana na tsayawa cak a saman kai a tsakiyar Afrilu, ta sake yin haka a ƙarshen Agusta. A Agusta gajimare na kare mu. A Afrilu ba abin da ke tsakanin rana da kwano.

Maganar AC

Na zauna da Kawu bayan shan ruwa muka yi lissafi a bayan takardar awo. Mutum tara masu aiki, kimanin wat 1,200. Dutsen guga biyu, kowanne wat 1,000, amma suna kamawa suna saki, mu ce 1,000 gaba ɗaya. Injinan kekunan lantarki irin na da ne, masu juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, su ma da ɗaruruwan nasu. Sai babban: a tsakar rana, kowane murabba'in mita na rufi na karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Rufin shagon murabba'i 24 ne. Ko da ɗaya bisa goma kawai ya sauko ciki, an sami wat 2,400. Jimla ta doshi 5,000, ba a sa bangon yamma da buɗaɗɗiyar ƙofa ba. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda Kawu ya yi niyyar saye, wat 3,500 yake iya cirewa, shi ma sai an rufe ƙofa, shagon tela kuwa ba ya rufuwa ana saura kwana goma Sallah. Ga ɗaukewar wuta, ga ƙaramin janaretonsa ba zai ja ba, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Na ce masa, "Kawu, kamar mai kwarfar ruwa daga ɗaki ne alhali indararo na zuba ciki. A fara gyara indararon."

Ya yi shiru, sannan ya ce to me za a yi gobe, ba bayan Sallah ba.

Washegari muka ja teburin guga zuwa bayan shago, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Wannan kaɗai ya fitar da wuta daga ɗakin, ya kuma fitar da hayaƙin gawayi wanda shi ma ke sa ciwon kai. Aka mayar da babbar guga bayan asham. Muka janye kanta, muka cire kwalin taga, iska ta sami hanyar fita a karon farko cikin shekaru. Fankokin sama na sa aka kashe su da rana. Yaran suka yi ta gunaguni, amma a inda aka rataye su, iskar da ta gasu a ƙarƙashin kwano suke turowa kan mutane. Muka aro fanka biyu na tsaye aka ajiye a ƙasa.

Batun fanka na bukatar a tsaya a kansa, don mutane na ganin kullum alheri ce. Idan iska ta fi fata zafi, fanka na yin abu biyu masu karo da juna: tana busar da gumi, tana kuma watsa wa jiki zafi. Wanda ya rinjaya ya danganta da laima. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada wannan a kan mutane. A ɗaki mai digiri 40 da laima kashi 50, fanka ta taimaka. A ɗaki mai digiri 47 da laima kashi 10, fanka ta ƙara wa jiki wahala, domin a busasshiyar iska gumi na bushewa da kansa, abin da fanka ta ƙara zafi ne kawai. Shagon Kawu bai kai 47 ba, amma ya fi kama da ɗaki na biyu. Mafita a irin wannan hali ita ce a ba fata ruwan da ba daga jiki ya fito ba. Muka ajiye bokiti da tawul, kowa ya riƙa jiƙa wuya da hannuwa da kai. Wani yaro ya yi shakkar ko hakan na taɓa azumi. Baba ne ya amsa, ya ce ya zo a Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishi ko zafi. Ba wanda ya sake tambaya.

Sai na kawo shawarar da na fi alfahari da ita a lokacin: a rataye jiƙaƙƙen buhun algarara a taga da rabin ƙofa, a kuma riƙa yayyafa wa simintin ƙasa ruwa. Hikimar randa ce da kakanninmu suka sani, ruwa na tsattsafowa ya bushe, na ciki ya yi sanyi. Ita ce kuma Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A iskar da laimarta ke ƙasa da kashi 20, abin ya yi aiki nan take. Iskar da ta ratso buhun sai ka ji ta a fuska kamar ta bakin kogi.

Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu ba wanda ya sake faɗuwa. Da kuɗin da aka ware wa AC, Kawu ya kira kafinta aka sa silin, muka bar ramukan iska a saman bango gaba da baya, tsakanin silin da kwano, don zafin da ya taru a wurin ya fice. Aka kankare tsatsa aka shafa wa kwanon farin fenti. Aka yi 'yar rumfa a gaban ƙofa ta tare ranar yamma. Fankokin sama suka dawo aiki, yanzu a ƙarƙashin silin. Magina na da, masu tubali da azara, sun san wannan ta hanyarsu: kaurin bango da rufin soro na riƙe zafin rana sai dare ya sake shi. Da muka koma bulo da kwano sai muka ɗauki saurin gini muka bar kariyar.

Na sa wa kaina lamba da zan cim ma. Akwai wani lissafi da ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASHRAE ta shigar cikin ƙa'idarta mai lamba 55 a 2004, daga binciken Richard de Dear da Gail Brager, wanda ya yarda cewa mutanen da ke zaune a ɗakin da ba AC suna sabawa da yanayin garinsu. Ana ninka matsakaicin zafin waje da 0.31 a ƙara 17.8. Idan matsakaicin waje 29 ne, zafin da ya fi daɗi a ciki kusan 27 ne, mafi yawan mutane za su jure har 30 da 'yan kai, da fanka mai ƙarfi kuma a ƙara digiri biyu. Na ce in muka sauko 32 mun ci nasara.

Yuni

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni, Kawu ya sake kira. Muryarsa ba daɗi.

"Injiniya, gyaran nan naka ya dawo da mu baya. Yara sun ce gara lokacin azumi."

Na tafi da ma'aunaina. Iska 32. Baƙar ƙwallo 33, wato silin da fenti sun yi aikinsu, hucin rufi ya kusa ɓacewa. Na kai lambar da na nema. Amma ina shiga rigata ta manne a bayana. Kowa ya jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi sun feso wa yara biyu a wuya, shaddar da ke ninke a kanta ta fara wari, allurai na tsatsa. Laima kashi 75. Buhunan algarara suna nan a rataye, wani yaro na tsaye yana watsa musu ruwa kamar yadda na koya masa. An mayar da taga rabi a rufe saboda feshin ruwan sama. Teburin guga ya dawo ciki don ba a guga a ƙarƙashin bishiya da damina, ana fesa wa shadda ruwa, tururi na tashi.

Laifina ne. Na ba da magani ban faɗi ranar daina sha ba. Lambar 32 da na riƙe ta bazara ce, kuma shi wannan lissafin da na dogara da shi babu laima a cikinsa kwata-kwata.

Kashi cikin ɗari da ma'auni ke nunawa na iya ruɗar mutum, gara a duba ainihin ruwan da ke cikin iska. Iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa: kowane mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi na iska na iya riƙe kusan giram 17 a digiri 20, giram 30 a digiri 30, giram 40 a digiri 35. Iskar da ke kwance a kan jiƙaƙƙiyar fata tana wajen giram 40 ɗin nan. A ƙarshen azumi iskar shagon na ɗauke da kusan giram 8, tazarar 32 ke nan, ita ke jan gumi daga fata. A Yuni tana ɗauke da kusan 25, tazarar ta koma 15. Ƙarfin busar da gumi ya ragu da fiye da rabi. Jiki sai ya ƙara gumi, gumin ya rasa inda za shi, ya kwanta a fata ya toshe ƙofofinsa, ƙuraje su fito. Wannan damshin da ke manne wa fata shi ne abin da mutum ya fi ƙi, ko da cikin jikinsa bai yi zafi sosai ba. Buhun kuwa a irin wannan iska ba ya sanyaya komai, sai dai ya ƙara mata ruwa, ya kuma tare hanyarta.

A gaskiya Maris ya fi Yuni haɗari. A Maris mutum bai jin gumi, yana bushewa a ɓoye har ya faɗi. A Yuni yana jin kowane ɗigo, yana ƙorafi, yana shan ruwa. Amma ƙorafin yaran ba ragwanci ba ne. Tela da tafin hannunsa ke jiƙe yana ɓata farar shadda, idonsa na yaji, layin ɗinkinsa na karkacewa, Kawu kuma shi ke biyan yadin da aka lalata.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Aka sauke buhuna, aka daina yayyafi. Fankar da na hana da azumi ita ce sarauniya a Yuni, domin yanzu iska ta fi fata sanyi kuma gumi na neman mai kwashe shi. Muka jera ta tsaye ɗaya a ƙofa tana turowa, ɗaya a taga tana fitarwa, na sama na juyawa. Aka kafa ɗan kwano a saman taga ta waje don ta zauna a buɗe ko ana ruwa. Bayan Sallah aka yi wa guga rumfarta a baya. Da marka ta sauka a Agusta, abin da ya rage shi ne kula da yadi: aka ɗaga kanta daga jikin bango don iska ta riƙa ratsa bayanta.

Hunturu ya zo da nasa. A Disamba tagar da muka buɗe ta zama abin faɗa. Baba na zuwa da safe cikin rigar sanyi yana cewa a rufe, yatsunsa ba sa riƙe allura, masu keken ƙafa kuwa kafin hantsi sun ɗumama suna cewa a buɗe. Ƙura na kwanciya a kan farin yadi, leɓe na tsagewa, wani yaro ya yi haɓo sau biyu. Aka sa wa tagar raga da murfin katako mai buɗewa rabi, aka matsar da Baba daga layin iska zuwa jikin bangon kudu. Ba a daina musun ba, an dai rage shi.

A lokacin da nake wannan rubutu, kafin azumin 2025, akwai abin da bai kammalu ba. Injinan kekunan nan uku har yanzu na da ne, Kawu ya ce canza su sai ya ga abin da ɗinkin bana ya kawo. Farin fentin rufi ya sha ƙurar hunturu ya koma ruwan ƙasa, sai an wanke shi kafin zafi ya kama, don azumin 2025 a farkon Maris zai faɗo. Yaron Jos bai koma ba, yanzu yana kan keken ƙafa, kuma Kawu ya sa doka cewa duk baƙon da ya zo aikin Sallah sai ya yi mako guda yana ɗinkin maɓalli a bakin ƙofa kafin ya taɓa dutsen guga. Buhunan algarara suna ninke a ƙarƙashin teburin yanka. A bangon da ke samansu Baba ya rubuta da alli, cikin ajami: a rataya in hunturu ya wuce, a sauke ranar ruwan fari.